Na'urar da ke leƙa cikin baƙin ido ba tare da yanka ba

Da kaka, idan karan dawa ko ƙaiƙayin gero ya soki manomi a ido, abin da ya fara da hawaye da raɗaɗi kan zama gyambo cikin 'yan kwanaki. Gyambon yana fitowa ne a kan tantanin nan mai sheƙi da ya lulluɓe baƙin ido, wanda kaurinsa kusan rabin milimita ne kacal. In ya warke da tabo, shi ne hakiya.

Abin da ke wahalar da likita shi ne gano abin da ke cin idon. Bakteriya ce, ko fumfuna, ko ƙwayar Acanthamoeba da ke zama cikin ruwa da ƙasa? Kowacce da maganinta. Yadda aka saba, sai a kankaro gefen gyambon a kai ɗakin gwaji, fumfuna kuwa kan yi mako guda ko fiye kafin ta tsiro. Ido ba ya jira.

A nan ne na'urar konfokal ta yi rana. Marvin Minsky na Amurka ya yi rajistar fasaharta a 1957, daga baya aka daidaita ta don ido mai rai. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a shafa man ruwa, bakin na'urar ya ɗan taɓa idon. Tana haska wuri guda a zurfi guda, ta watsar da duk hasken da ya dawo daga sama ko ƙasansa, sai likita ya bi tantanin hawa-hawa. Samfurin kamfanin Heidelberg na Jamus yana ɗaukar fili mai faɗin maikromita 400. Cikin mintuna zaren fumfuna ke bayyana a allo, fari, mai rassa kamar saiwar ciyawa, ƙwayayen Acanthamoeba kuma ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Bakteriya dai ta yi ƙanƙanta, dole a koma ɗakin gwaji.

Har siraran jijiyoyin tantanin ana gani, kuma masu bincike a Manchesta sun nuna suna raguwa ga masu ciwon suga da jijiyoyinsu suka fara lalacewa.

Na'urar tana da tsada, karanta hotonta kuma sai gwani. A ganina manyan cibiyoyin ido na yankin manoma su ne suka fi cancantar samunta. Kafin nan, duk wanda kara ya soka a ido, kada ya zuba tsimi ko ya sayi maganin ɗigawa a kemis, domin mai sinadarin sitiroyid ƙara wa fumfuna ƙarfi yake. A nufi asibitin ido a ranar.