Jakar Iskar Mota: Cire Ƙwan Fitila Ba Gyara Ba Ne

Duk direban da ya taɓa gangarowa Hawan Kibo daga Jos zuwa Akwanga ya san wuri ne da ake riƙe sitiyari da hannu biyu, baki kuma yana addu'a. A irin wannan hanya ce ake gane amfanin jakar iskar da ke ɓoye cikin sitiyari da gaban fasinja, wadda kan kumbura nan take idan an yi karo, ta tare kai da ƙirji.

Kamfanin Mercedes-Benz ya fara sa ta a manyan motocinsa a 1981, yau kuwa yawancin motocin gwanjo da ke yawo a Jos da ita suka zo. Sai dai kanikawa da yawa ba su koyi aikinta wajen iyayen gidansu ba.

Alamarta ita ce ƙaramar fitila mai harufan SRS, ko hoton mutum da ƙwallo a gabansa. Idan aka murɗa makulli takan kama kamar daƙiƙa 6 ta mutu. In ta ƙi mutuwa, to akwai ciwo, mai yiwuwa jakar ba za ta buɗe ba ranar buƙata. Sau da yawa ciwon ƙarami ne: ko mahaɗin waya na ƙarƙashin kujera ya saki, ko naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari ta tsinke. Kwamfutar binciken mota ita ke nuna inda yake.

Abin baƙin ciki, akwai masu cire ƙwan fitilar, ko su yi wa wayar dabara har ta mutu, mai mota ya biya kuɗi ya tafi da murna. Wannan ba gyara ba ne, rufe kura da fatar akuya ne. Saboda haka mai sayen mota ya lura: fitilar da ba ta kama ba sam ta fi mai ci kullum abin tuhuma.

Shi ma makaniki ransa na cikin haɗari, domin wani sinadari mai kama da albarushi ne ke hura jakar, tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Kafin ya taɓa ta, wajibi ne ya kashe mota, ya cire kan batir na negetif, ya dakata. Toyota ta ce daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, gama wuta takan saura a na'urar. Mahaɗan wayoyinta rawaya ne, kada ya kuskura ya gwada jakar da mita ko fitilar gwaji, wutarsu tana iya tashinta. In ya ciro ta, ya juya fuskarta ga barin jikinsa, ya ajiye ta tana kallon sama.

Sauran magana ita ce ta gwanjo da akan samo a Dilimi ko Farin Gada. Jakunkunan kamfanin Takata na Japan sun hallaka mutane, domin zafi da laima kan ɓata sinadarinsu, su fashe da ɓarɓashin ƙarfe. A Amurka kaɗai an janye kimanin miliyan 67, kamfanin kuma ya karye a 2017. Ya kamata a bincika da lambar jikin mota ko tana cikin waɗanda aka janye.

Daga ƙarshe, jakar iska mataimakiyar bel ce, ba madadinsa ba. A ɗaura bel, yara su zauna a baya. Allah ya kiyaye hanya, amin.