Ciwon Fuskar da Ake Ɗauka Ƙuraje Ne, da Man Shafawar da Ke Ƙara Tsananta Shi

Kasuwar Litinin, babbar kasuwar Maiduguri da aka sake ginawa bayan gobarar watan Fabrairun 2023, tana cikin wuraren da mutanen Borno da baƙi daga Chadi da Kamaru da Nijar ke sayen sabulai da man shafawa da kayan gyaran jikin amare. A cikin masu sayen akwai waɗanda ba kwalliya ce ta kawo su ba, magani suke nema wa fuskar da ke zafi da raɗaɗi tana fitar da ƙananan ƙuraje, kuma wasunsu suna ɗauke ne da wani ciwo mai daɗewa da likitocin fata ke kira rozeshiya, wanda man da aka fi miƙa musu a kan tebur ke kwantar da shi na ɗan lokaci sannan ya dawo da shi fiye da yadda ya same shi.

Ciwon yakan bayyana ne bayan shekara 30 da haihuwa, yana zama a tsakiyar fuska, wato kumatu da hanci da goshi da haɓa, kuma wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na manyan mutane suna da shi. An daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa, saboda babbar alamarsa ita ce jan fuska, ja kuwa ba ya fitowa sarai a kan baƙar fata. Abin da mai baƙar fata zai lura da shi shi ne ɗumi da ke taso wa fuska haka kawai ko bayan shiga rana, da raɗaɗi idan ruwa ko sabulu ya taɓa ta, da bushewa da ɗan kumburi, da wurin da ya fi sauran fuska duhu, da ƙuraje masu ɗan ruwa waɗanda ba su da baƙin kan da ake gani a ƙurajen samartaka. Wannan bambanci na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, domin magungunan ƙurajen samartaka da yawa suna busar da fata, busarwa kuwa ita ce abin da mai wannan ciwo ba ya buƙata.

Fahimtar dalilin hakan tana bukatar sanin yadda saman fata yake. Ɓawon da ke can waje, wanda kaurinsa a fuska bai kai na silin gashi ba, yana kama da katangar tubali: matattun ƙwayoyin fata su ne tubalan, wani maiƙo da jiki ke haɗawa da kansa kuma shi ne laka mai riƙe su, kuma aikin wannan shinge shi ne hana ruwan jiki fita da hana ƙura da sinadarai da ƙwayoyin cuta shiga. Saman fata mai lafiya yana da ɗan tsami, wanda a ma'aunin tsami da kanwa yake tsayawa wajen 5, alhali sabulun wanka na yau da kullum yana kaiwa 9 ko 10, shi ya sa yawan saɓa shi a fuska ke wanke maiƙon ya bar fata a buɗe. Gwaje-gwaje sun nuna cewa fuskar mai rozeshiya tana zubar da ruwa ta wannan ɓawo fiye da ta mai lafiya, kuma jijiyoyinta na ji suna saurin harzuƙa, har abin da bai dami kowa ba ya zame mata wuta.

A kan kowace fuska, komai tsabtar mai ita, akwai halittun da ido ba ya gani, kuma mafi yawansu amfani suke yi. Akwai bakteriya, wato ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak, akwai kuma wani ƙwaro mai suna Demodex, wanda tsawonsa bai kai rabin milimita ba, yana zaune a ramin gashi yana cin maiƙo. Kusan kowane baligi yana da shi, amma a fuskar mai wannan ciwo yawansa yakan ninka sau da dama. A 2007 masu bincike a ƙasar Ayalan, cikinsu har da Kevin Kavanagh na jami'ar Maynooth, sun nuna cewa sinadaran wata bakteriya da aka samo daga jikin ƙwaron, Bacillus oleronius, suna tayar da garkuwar jikin masu ciwon fiye da ta sauran mutane. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar Richard Gallo ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a Amurka ta gano cewa fatar masu ciwon tana fitar da wani makamin garkuwa mai suna katelisidin fiye da kima, kuma tana sarrafa shi ta hanyar da ke kawo kumburi da buɗewar ƙananan jijiyoyin jini. Idan aka haɗa waɗannan sakamako biyu, abin da ke fitowa shi ne cewa matsalar ba shigowar baƙuwar cuta ba ce, a'a, shingen ne ya yi rauni, mazauna fata suka kai inda da ba sa kaiwa, garkuwar jiki kuma ta mayar da martanin da ya wuce laifin. Saboda haka ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba alamar ƙazanta ba ne, kuma wanda ya duƙufa wanke fuska da sabulun kashe ƙwayoyin cuta sau huɗu a yini yana rushe abin da ya kamata ya gyara ne.

Babban haɗarin yana cikin ƙananan bututun man da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda sunansa ke fitowa a jikin kwali a matsayin clobetasol ko betamethasone, wani lokaci a haɗe da maganin makero da na bakteriya a bututu ɗaya. Magani ne na gaske da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata, amma ya koma kayan kwalliya, ana matse shi cikin man bilicin da masu haɗi ke zubawa a robar da ba ta da suna ko jerin abin da ke ciki. Sitiroyid yana matse jijiyoyin jini yana danne kumburi, don haka a makon farko fuska takan yi sumul ta yi haske, mai sayarwa ya sami yabo. Da tafiya ta yi nisa sai fata ta sirance, maiƙon shingenta ya ragu, garkuwar wurin ta yi sanyi har Demodex ya samu damar yawaita, kuma ranar da aka daina shafawa sai fuska ta ɗauki zafi ta feso da ƙuraje, mai ita ya koma kasuwa ya sayi wani bututun yana ganin shi ne kaɗai ke yi masa aiki. Ta haka ne ma wanda bai taɓa samun ciwon ba yake jawo wa kansa irinsa. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar ƙasa. Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan ɗan tireda, wanda sau da yawa shi ma bai san abin da ke cikin hajarsa ba, amma rashin saninsa ba ya rage wa fatar mai saye komai.

Yanayin Maiduguri shi ma yana da nasa hannu. Iskar hunturu tana tsotse ruwan fata, zafin watannin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana buɗe jijiyoyin jini, haka ma tururin murhu da shayi mai tsananin zafi da yaji mai yawa. Gyaran jikin da matan Borno suka yi suna a kansa, kamar goge jiki da dilka da cire gashi da halawa da zama kan hayaƙin itatuwan ƙamshi, ba laifi ba ne ga fata mai lafiya, amma duk ukun gurzawa ne ko tsigewa ko zafi, don haka amaryar da fuskarta ke raɗaɗi ya kamata mai gyaran ta tsaya daga wuya zuwa ƙasa.

Kulawar gida ba ta da tsada: a wanke fuska da ruwa mai ɗan sanyi da tafin hannu ba da soso ba, a rage sabulu har da na salo, a shafa mai marar turare tun fata na da danshi, a kare fuska daga rana da malafa ko lema ko man kariya daga rana, sannan mutum ya lura da abin da ke tayar masa da ciwon, tunda ba ɗaya ba ne ga kowa. Wanda ya daɗe yana shafa sitiroyid ya sani cewa fuskar za ta tsananta na wasu makonni bayan dainawa, shi ya sa ya fi kyau a yi hakan a hannun likita, wanda zai iya janye shi sannu a hankali. Ana samun likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma yana da kyau mai zuwa ya tafi da duk mayukan da yake shafawa, domin akwai cututtuka masu kama da wannan, irin su lufus, wadda garkuwar jiki ke yaƙar jikin kanta, kuma maganinsu daban ne. Magungunan da aka tabbatar sun haɗa da man metronidazole da na ivermectin, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2014, da ƙwayar doxycycline a ƙaramin awo, wadda ake bayarwa don rage kumburi kuma ba a ba mai juna biyu. Ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana lafawa sosai, sai dai idan an bar shi yana iya kaurara fatar hanci, musamman ga maza, yana kuma iya taɓa ido, saboda haka wanda ke jin kamar yashi a idonsa, ko gefen fatar idonsa na yawan kumbura, ko haske ya fara damunsa, yana bukatar likitan ido ya duba shi ba tare da jinkiri ba.