Kabon Zai Iya Maye Gurbin Filatinum Wajen Fitar da Makamashi Daga Ruwa?

Ruwa haɗi ne na haidurojin da oksijin. Idan aka tura wutar lantarki ta cikinsa, sai ya rabu gida biyu, a tara haidurojin a yi makamashi ko takin zamani da shi. Tun shekarar 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka gwada haka a Ingila. To me ya hana duniya rungumar wannan hanya? Tsada.

A lissafi, bolt 1.23 ya isa ya raba ruwa, ƙasa da ƙarfin batirin rimot. A aikace kuwa sai an ƙara, domin aikin yana tafiyar hawainiya. Shi ya sa ake shafa wa ƙarafan na'urar wani sinadari mai hanzarta aiki, wato katalis. Mafi inganci su ne filatinum a ɓangaren haidurojin da iridiyam a ɓangaren oksijin. Dukansu suna da ɗan karen tsada, kuma iridiyam da ake haƙowa a duniya bai kai tan 10 ba a shekara, akasarinsa daga Afirka ta Kudu.

Nan ne kabon ya shigo. Shi ne ke cikin gawayi, shi ne kuma girafait ɗin da ke cikin batirin wayar hannu. Yana da arha, yana wuce da lantarki, ana kuma iya samar da shi daga ƙaiƙayin shinkafa ko ɓawon kwakwa. Shi kaɗai ba ya wani kataɓus, amma idan aka cusa masa naitirojin, ko aka ɗora masa ƙwayoyin nikel ko kobalt, sai ya samu guraben da ruwa ke rabuwa cikin sauƙi. A 2009 tawagar Liming Dai a Amurka ta nuna cewa kabon mai naitirojin na iya gogayya da filatinum a na'urar da ke mayar da haidurojin lantarki, lamarin da ya zaburar da masu bincike.

Sai dai da sauran rina a kaba. A ɓangaren oksijin kabon yana cinyewa sannu a hankali, ya koma iskar kabon dayokzaid, alhali masana'antu na buƙatar na'urar da za ta yi shekaru tana aiki.

Idan aka shawo kan matsalar ƙarko, hasken ranar da sola ke tarawa da rana zai iya zama haidurojin da za a kunna wuta da shi da daddare, ba tare da hayaƙin janareta ba.