Dodge Charger ta 1969: Yadda Amurkawa ke farfaɗo da tsofaffin motoci masu ƙwanji, da siyasar da ke ƙarƙashin fentinsu

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na shekarar 2001 zai tuna baƙar motar nan da Vin Diesel ya fito da ita daga gareji a ƙarshen fim, wadda ta ɗaga tayoyin gaba tsabar ƙarfin inji. Dodge Charger ce ƙirar 1970. Ita da yayyenta biyu, na 1968 da 1969, suna cikin jerin motocin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da "masu ƙwanji", wato mota madaidaiciya mai ƙofa biyu da aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas. Yau shekara hamsin da ɗoriya da daina ƙera su, amma mutane na zaƙulo gawarwakinsu daga rumbuna da bayan gidaje, suna kashe dukiya don su dawo da su kan titi. Wannan sha'awa tana da alaƙa da dokar muhalli, da farashin man fetur, da gwagwarmayar ma'aikata, har da tarihin bauta.

Daga ina suka fito?

Galibin masana tarihin mota suna fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors yana da ƙa'idar cikin gida da ta taƙaita girman injin da za a sa wa madaidaitan motoci. John DeLorean da abokan aikinsa suka kauce wa ƙa'idar, suka sayar da inji mai lita 6.4 a matsayin ƙarin kaya da mai saye zai zaɓa a kan motar Tempest. Fiye da guda 32,000 aka saya a shekarar farko. Nan take sauran kamfanoni suka bi sahu, domin matasan da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun isa tuƙi, ga aiki a masana'antu, ga fetur kamar kyauta.

Amsar da kamfanin Chrysler ya bayar ta haɗa da Charger. Samfurin R/T na 1969 yana zuwa da inji mai lita 7.2 da ƙarfin doki 375. Mai kuɗi kuma yana iya neman injin Hemi mai lita 7, wanda kamfanin ya ce ƙarfinsa doki 425 ne.

Su waye suka ƙera ta?

Ɗaya daga cikin wuraren da aka harhaɗa Charger ita ce masana'antar Dodge Main da ke Hamtramck, a tsakiyar birnin Ditiroit. A watan Mayun 1968 dubban ma'aikata suka ajiye aiki a can ba tare da izinin shugabannin ƙungiyar ƙwadago ba, saboda an ƙara saurin layin harhaɗa motoci. Daga wannan yajin aiki baƙar fatar masana'antar suka kafa ƙungiyar DRUM, wadda ta zargi kamfanin da jibga musu ayyuka mafi wahala da haɗari, ta kuma zargi ƙungiyar ƙwadago ta UAW da kau da kai. An rufe masana'antar a 1980, aka rushe ta. Saboda haka mai goge tsatsa a jikin Charger a yau, aikin hannun waɗannan mutane yake taɓawa, ko da kuwa sunansu ba ya fitowa a wuraren baje-kolin motoci.

Me ya kashe kasuwarsu?

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci saboda yawan haɗari. Na biyu, a 1970 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar tsaftace iska, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta EPA. Injinan masu ƙwanji sun dogara ne da fetur mai gaurayen dalma, wanda ke ba su damar matse mai sosai a cikin silinda ba tare da inji ya yi ƙara ya lalace ba. Dalma kuwa guba ce da ke illata ƙwaƙwalwar yara, tana kuma kashe na'urar tace hayaƙi da aka fara sa wa yawancin motoci daga 1975. Dole kamfanoni suka rage matsin injinansu, ƙarfi ya ragu. Chrysler ya daina sa Hemi a motocin titi bayan 1971.

Na uku shi ne takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba wa Amurka a watan Oktoban 1973. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Motar da ke shan mai kamar raƙumi ta zama kaya, mutane suka riƙa sayar da su a wulaƙance. Faɗuwar wani tashin wani: wannan hauhawar farashi ce ta cika baitulmalin Najeriya a zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna.

Yaya ake aikin farfaɗowa?

Matakin farko bincike ne, tun kafin a ɗauki sifana. Lambar shaidar mota tana faɗin asalinta. A Charger ta 1969, lambar da ta fara da XS29 tana nuna R/T ce, harafin da ke biye kuma yana nuna inji: L na mai lita 7.2, J na Hemi. Akwai kuma wani ɗan faranti na ƙarfe a cikin ɗakin inji da ke ɗauke da lambobin launi da kayan da aka sa mata, da takardar harhaɗawa da ma'aikata kan cusa a ƙarƙashin kujera. Idan lambar da ke jikin inji ta dace da ta mota, farashi na iya ninkawa. Shi ya sa 'yan damfara ke ɗaukar lambar gawar R/T su liƙa wa gama-garin Charger, abin da dokar tarayyar Amurka ta ɗauka a matsayin babban laifi.

Daga nan sai a kwance motar tas, a kankare fenti har sai ƙarfe ya bayyana. Charger ba ta da shasi daban da bodi. Jikinta ne ke ɗaukar nauyinta. Don haka tsatsa a wurinta ciwon ƙashi ce. Ruwa yakan taru a gefen gilashin baya, ya tsiyaya cikin but, ya cinye ƙasansa da ɓangarorin baya da sandunan da ke riƙe da sifirin. Mai walda zai yanke ruɓaɓɓen wuri ya dasa sabon ƙarfe, kuma dole a ɗaure motar a kan ma'auni, in ba haka ba ta karkace, ƙofofi su ƙi rufuwa. Wannan aiki da fenti su ne suka fi cin lokaci da kuɗi.

Inji ma sai an daidaita shi da zamani. Tun 1996 Amurka ta haramta fetur mai dalma a motocin titi, kuma a 2021 Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi. Masu gyara kan sa wa mazaunin bawul ƙarfe mai tauri, su kuma canza bututun roba da kayan kafireta, domin fetur ɗin Amurka na yau yana da kashi 10 cikin ɗari na sinadarin itanol, wanda ke cin tsohuwar roba.

A bar ta yadda take, ko a sake mata ciki?

Nan ne masu sha'awar suka rabu gida biyu. Wasu na ganin amana ce, a mayar da kowane ƙusa yadda ya fito daga masana'anta. Kasuwa tana mara musu baya: a 2014 an sayar da Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum. Wasu kuma suna barin siffar waje, su sa birki na zamani, da na'urar fesa mai maimakon kafireta, da sabon inji. A 2018 sashen kayan gyara na Mopar ya nuna Charger ta 1968 ɗauke da inji mai ƙarfin doki 1,000 a baje-kolin SEMA na Las Begas. Hujjarsu ita ce rai: yawancin waɗannan motoci sun fito da birkin ganga mai saurin zafi, ba su da jakar iska, ba su da na'urar hana tayoyi kullewa.

Akwai kuma tambayar da fenti kaɗai ke tayarwa. Shirin talbijin na The Dukes of Hazzard, wanda aka nuna daga 1979 zuwa 1985, ya shahara da Charger ta 1969 mai ruwan lemo da aka raɗa wa suna General Lee, ɗauke da tutar jihohin kudu da suka yi yaƙin kare bauta. Bayan wani ɗan wariyar launin fata ya kashe baƙar fata tara a wani coci a Charleston a watan Yunin 2015, kamfanin Warner Bros. ya daina ba da lasisin kayan wasa masu wannan tuta. Wanda ya zaɓi kwaikwayon wannan fenti a yau ya san saƙon da rufin motarsa ke isarwa.

Ina doka ta tsaya?

A Kalifoniya, motocin fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba sa cikin gwajin hayaƙi na tilas, don haka mai Charger yana da sakewar da mai motar 1976 bai da ita. Masu kare wannan rangwame na cewa motocin kaɗan ne kuma ba kullum ake hawansu ba. Masu suka na cewa talakan da ke zuwa aiki da tsohuwar motarsa ana ƙure shi da gwaji, attajirin da ke hawan tasa don nishaɗi an ɗaga masa ƙafa, alhali hayaƙinta ya fi yawa.

Rigima mafi girma ita ce ta 'yancin gyara. Bakanike mai akwatin sifana zai iya kwance Charger ya mayar. Motar yau kuwa kwamfuta ce ke tafiyar da ita, kamfani ne ke riƙe da makullin bayananta. A 2020 kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe a jihar Masacuset suka amince da dokar da ke tilasta wa kamfanoni buɗe waɗannan bayanai ga masu mota da garejoji masu zaman kansu, kamfanonin kuma suka garzaya kotu. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin da yawa daga motocin tokumbo da ke shigowa Najeriya daga Amurka suke zuwa, kuma makanikan Panteka da Ƙofar Ruwa ne za su gyara su.

A watan Disambar 2023 aka ƙera Charger da Challenger na ƙarshe na wancan zubi a Brampton ta ƙasar Kanada, sabuwar Charger Daytona kuma ta fito da lantarki. Ta 1969 ta kai yau ne saboda duk mai haƙuri da kayan aiki yana iya buɗe cikinta. Ko motocin da ake ƙerawa yanzu za su gyaru bayan shekara hamsin, wannan ya rataya ne a kan dokokin da majalisu da kotuna ke yankewa a yau.