Gaskiya ko Jita-jita: Rediyo, Talabijin da Wayar Hannu a Wajen 'Yan Filifin na New York

A unguwar Woodside da ke yankin Queens na birnin New York, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa mai lamba 7, akwai wani sashe na titin Roosevelt da ake kira Little Manila. Nan ne matattarar 'yan ƙasar Filifin: gidajen abinci, shagunan aika kuɗi, da masu jigilar kaya zuwa gida. Ranar 12 ga Yunin 2022 aka kafa allon titi mai wannan suna a hukumance. Mutanen nan jikinsu na Amurka, amma kunnensu na Manila. Tun 2003 doka ta ba su damar jefa ƙuri'a daga ƙetare, kuma daga Amurka ake aika kaso mafi tsoka na kuɗin da 'yan ƙasar ke turawa gida. Saboda haka duk labarin da ya shiga wayarsu sai ya yi tasiri a kan dangi, a kan aljihu, a kan akwatin zaɓe. Ga wasu maganganu shida da ake yawan yi game da kafafen labaransu, da abin da hujja ta nuna.

"Intanet ta binne rediyo da talabijin." Jita-jita ce.

Tsofaffin gidajen ba su mutu ba, bin jama'a suka yi zuwa inda suka koma. Tun 1994 gidan ABS-CBN ya buɗe tashar TFC domin mazauna ƙetare, abokin gogayyarsa GMA kuma ya biyo sahu da GMA Pinoy TV a 2005. A 2007 rediyon DZMM na Manila ya girka kyamara a ɗakin watsa shirye-shiryensa, mai sauraro ya zama mai kallo. Raffy Tulfo ma ta rediyo ya yi suna, da shirin karɓar koken talakawa irin wanda muka sani na Brekete Family a Abuja. Da ya kai shirin zuwa YouTube, mabiyansa suka haura miliyan 20, kuma a 2022 aka zaɓe shi sanata. Ma'aikaciyar jinyar da ta taso daga aikin dare a asibitin Elmhurst, maƙwabcin Woodside, tana iya kallon labaran TV Patrol a wayarta cikin jirgi. Akwatin ne ya canza, mai karanta labaran yana nan.

"An rufe ABS-CBN ne saboda ƙin biyan haraji." Jita-jita ce.

Ranar 5 ga Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, hukumar sadarwa ta Filifin ta umarci gidan da ya daina watsa shirye-shirye saboda lasisinsa ya ƙare. Lokacin da majalisar wakilai ta zauna sauraron bahasi, jami'an hukumar tara haraji da kansu suka shaida cewa kamfanin yana biyan harajinsa. Duk da haka, ranar 10 ga Yuli kwamitin majalisar ya ƙi sabunta lasisin da ƙuri'a 70, masu goyon baya 11 kacal. Tun kafin nan Shugaba Rodrigo Duterte ya sha faɗa a bainar jama'a cewa zai ga bayan gidan, yana zarginsa da ƙin saka tallan yaƙin neman zaɓensa na 2016. Wannan ne karo na biyu: Shugaba Ferdinand Marcos ya taɓa rufe shi a Satumbar 1972 da ya kafa dokar soja, bai dawo hannun masu shi ba sai 1986.

Wanda ya fi jin jiki shi ne talaka. TFC ta ci gaba da isa gidajen Queens, tunda ba ta dogara da wancan lasisin ba. Amma tashoshin gidan na larduna masu ba da labarai da harsunan gida an rufe su a Agustan 2020, kuma da guguwar Rolly ta afka wa yankin Bicol a Nuwamban shekarar, babu su a fagen gargaɗin jama'a.

"Kafin Facebook, mazauna ƙetare ba su da bakin magana." Jita-jita ce.

Jaridar da ta fi tasiri wajen farkar da 'yan Filifin kan mulkin mallakar Sifaniya, La Solidaridad, a Barcelona aka fara buga ta a 1889, kuma José Rizal, gwarzon ƙasar, na cikin marubutanta. A New York, Libertito Pelayo ya kafa jaridar mako-mako ta Filipino Reporter a 1972, shekarar da Marcos ya garƙame gidajen jaridun Manila. A San Francisco kuwa, Philippine News ta Alex Esclamado ta yi ta buga abin da ba a isa a buga a gida ba. Yau mujallar intanet ta The FilAm tana bin diddigin rayuwar al'ummar a New York. Abin da kafafen zamani suka ƙara shi ne sauri da araha. Abin da suka rage shi ne edita, mutumin da ke tambayar "wa ya faɗa?" kafin a buga.

"Dukiyar Marcos daga zinare ta fito, kuma kotun New York ta wanke iyalinsa." Rabi ƙanzon kurege, rabi guntuwar gaskiya.

Kafin zaɓen 2022, wanda Ferdinand Marcos ƙarami ya ci da ƙuri'a sama da miliyan 31, bidiyoyi sun cika Facebook da YouTube da TikTok suna cewa wani gidan sarauta mai suna Tallano ne ya biya mahaifinsa ladan aikin lauya da tarin zinare, kuma za a raba wa jama'a. Masana tarihi ba su sami shaidar wanzuwar wannan masarauta ba, kuma har yau ba a raba wa kowa komai ba.

Batun kotu kuwa ya faru. An danganta iyalin da manyan gine-gine huɗu a Manhattan, ciki har da Crown Building da gini mai lamba 40 a titin Wall Street, kuma ranar 2 ga Yulin 1990 kotun tarayya a birnin ta sallami Imelda Marcos, matar Marcos babba, daga tuhumar zamba. Sai dai masu yaɗa wannan a nan suke yin shiru. A 2003 Kotun Ƙolin Filifin ta yanke cewa dala miliyan 658 da aka gano a bankunan Suwizalan haramtacciyar dukiya ce, ta mayar da ita baitulmali. A 2018 kotun yaƙi da cin hanci ta Sandiganbayan ta sami Imelda da laifi a tuhuma bakwai, ta ɗaukaka ƙara. Guntuwar gaskiya ta fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa, don mai faɗinta yana da takardar nunawa.

"Wayar hannu ce ta lalata siyasar ƙasar." Akwai ƙanshin gaskiya, amma ba duka ba.

A 2013 kamfanin sadarwa na Globe ya fara ba da Facebook kyauta. Mai ƙaramin ƙarfi yana ganin kanun labari, amma buɗe cikakken rahoton sai da data, don haka miliyoyi suka saba da yanke hukunci daga kanu kawai. 'Yan siyasa suka ga dama. A Maris na 2019 Facebook ya goge shafuka da asusu 200 na bogi da ya alaƙanta da Nic Gabunada, wanda ya jagoranci farfagandar Duterte ta intanet a 2016.

Amma ita wannan wayar ce, ta hanyar saƙon tes, ta tara jama'a a titin EDSA na Manila a Janairun 2001 har Shugaba Joseph Estrada ya sauka, kamar yadda kiran Kadinal Jaime Sin ta Radio Veritas ya fito da su a Fabrairun 1986 aka kori Marcos. A intanet aka haifi gidan labarai na Rappler a 2012, kuma shugabarta Maria Ressa, wadda ta girma a jihar New Jersey kuma take koyarwa a Jami'ar Columbia ta New York, ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2021. Laifin na masu sayen ƙarya ne da masu ƙera manhajar da ke fifita abin da ke tunzura zuciya.

"Aikin jarida a Filifin sayar da rai ne." Gaskiya ce.

Ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka kashe mutum 58 a lardin Maguindanao, 32 daga cikinsu ma'aikatan kafafen labarai. Kwamitin Kare 'Yan Jarida, mai hedikwata a New York, ya ce a lokacin bai taɓa lissafa hari guda da ya ci 'yan jarida haka ba. Sai a Disambar 2019 aka yanke wa manyan gidan Ampatuan, waɗanda suka shirya kisan, hukunci. A Oktoban 2022 aka harbe ɗan rediyo Percy Lapid, a Nuwamban 2023 kuma aka kashe Juan Jumalon yana tsaka da gabatar da shiri kai-tsaye a Facebook.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Bahaushen Bronx ko Harlem da ke kama rediyon Kano ko na Yamai a wayarsa, yana kuma cikin zaurukan WhatsApp na dangi, matsayinsa ɗaya da na mutumin Woodside: a gida ana ɗaukar maganarsa da nauyi, don ana ganin wanda ke Amurka ya fi sani. Wannan amana ce. Kafin ka tura saƙo, nemi sunan wanda ya rubuta shi, duba ranar da abin ya faru, ka kuma ga ko wani gidan labarai mai adireshi ya ɗauka. In kuma ka ji ana shirin rufe wani gidan rediyo ko jarida, ko da ba ka ƙaunar siyasarsa, ka yi magana. Duk inda aka toshe bakin mai suna, marar suna ne ke gaje filin, kuma shi ba wanda zai iya kai shi ƙara.