Renon Kariya Don Ƙawata Gida a Gombe

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, sababbin gidaje da ofisoshi suka yawaita, sha'awar furannin ado ta ƙaru. Wasu sukan ga hoton tsiron nan na Amurka ta Arewa mai suna Heuchera, mai ganye ja da ruwan hoda, su nemi a samo musu. Wannan tsiro na ƙasar sanyi ne, inuwa da danshi yake so, ba zai jure zafin Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'aunin zafi ke kai digiri 40. Ya kai manomi, kada ka zubar da kuɗinka. Tsiron da ya dace da ƙasarka shi ne kariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. 'Yar dajinmu ce, tana yin shekaru, kuma da rani take cika da fure, sa'ad da sauran tsirrai suka yi yaushi.

Ana samun ta daga iri ko daga reshe. Wadda aka shuka daga iri ita ce ke yin kumburarren gindin nan da masu saye suka fi so. Idan kwanson ya kusa nuna, ka ɗaure shi da zare, domin irin yana da gashi, iska na kwashe shi da zarar ya fashe. Ka shuka shi sabo, yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. In kuwa reshe ne, ka yanki mai tsawon santimita 15 zuwa 20, ka ajiye shi a inuwa kamar kwana 5 har bakin yankan ya bushe, sannan ka dasa.

Abin da ke kashe kariya a gidaje ba fari ba ne, yawan ruwa ne. Gindinta rumbun ruwa ne, idan saiwarta ta daɗe cikin laima sai ta ruɓe. Saboda haka ka haɗa kashi 2 na yashi, kashi 1 na ƙasa, da kashi 1 na takin gargajiya da ya ruɓe sarai. Ka guji laka irin ta fadama. Tukunya ko kasko dole a huda ƙasansa, a ɗora shi kan bulo, a inda zai sami rana ta aƙalla awa 6. Kada ka yi ban ruwa sai ƙasar ta bushe. A watan Agusta, lokacin marka, ka janye tukwanen daga ƙarƙashin indararo. Da hunturu takan zubar da ganye. Mutane da yawa sukan ɗauka ƙishi ne su ƙara ruwa, alhali hutu take yi.

Idan ka latsa gindin ka ji ya yi laushi, ka tumɓuke ta nan take, ka yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta har ka kai ga fari, ka barbaɗa toka, ka bar ta mako ɗaya a inuwa kafin ka sake dasawa a sabon yashi. Darɓa da farin ƙwaron nan mai kama da auduga kuwa, ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu ya wadatar.

Malamin gona ya tabbata ya gargaɗi duk wanda ya ba dashe: ruwan jikin kariya guba ne mai taɓa zuciya, har an yi dafin kibiya da shi a sassan Afirka. Ka rufe hannunka da leda lokacin yanka, ka kiyaye idonka, ka wanke hannu da sabulu. Kada a dasa ta kusa da turken awaki ko inda yara ke wasa, kuma rassan da aka yanke a binne su.