Kada Mu Sayar wa 'Yan Gwangwan Tsohon Gatari

A gidajenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da wuya a rasa tsohon gatari ko lauje ko fartanya yashe a bayan rumbu. Da yawanmu idan mai sayen gwangwan ya zo sai mu lallaɓa mu miƙa masa, ya ba mu kuɗin alawa. Idan kaka ta zo za a yanke dawa, ko itace ya ƙare a madafa, sai Baba ya nemi kuɗin sabo. Alhali tsohon gyara kawai yake so.

Tsatsa ce take fara ruɗinmu. A darasin kimiyya an koya mana cewa tana fitowa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Sau da yawa a fatar ƙarfen kawai take. A jiƙa ruwan gatarin cikin ruwan tsamiya ya kwana, a goge da yashi da toka, a shanya, a shafa masa mai.

Idan bakin ya dakushe kaɗan, dutsen wasa wuƙa ya isa. Amma idan ya yi kauri ko ya yi giɓi, sai maƙera. Can maƙeri zai tura shi cikin gawayi, yaronsa yana ta zuga, har ya yi ja wur. Sai ya ɗauko shi da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har bakin ya yi fele-fele. Wannan shi ne koɗa. Daga nan ya tsoma shi a ruwa, ka ji cuuu! Ba don ya huce kawai ba ne, sanyaya shi farat ɗaya shi ke sa bakin ya yi tauri. Idan taurin ya yi yawa kuma sai ya riƙa ɓallewa, shi ya sa aikin ba na kowa ba ne.

Mu dai ƙota muka fi tsoro. Gatarin da ke girgiɗa zai iya fita yana tsakar sara, ya sami ƙanenmu da ke tsaye kusa. Wasu kan jiƙa ƙotar ta kumbura ta kama, amma da ta bushe sai ta ƙara sakewa. Gara a sassaƙo sabuwa ta icce mai tauri irin su marke, maƙeri ya gasa tsinin bayan gatarin ya huda ta da shi, ya zauna daram.